Ramuka Biyu a Gitar Yaya

Ranar da Yaya zai tafi bai ɗauki gitarsa ba. Da hantsi ya zauna a kan tabarma, ya kwantar da ita a cinya, ya karɓi sukudireba a hannuna, ya kwance wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin. Fikof ake ce musu. Kowanne maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke jin motsin tsirkiya ya aika wa sifika. Ya cusa su cikin safa, ya tura a aljihun jakarsa.

Na ce, "Yaya, gitar fa?"

Ya ce, "Katako ne, ko'ina akwai katako. Muryar tana nan." Ya daddaki aljihun jakar.

Wani abokinsa ya kai shi Kongolam, bakin iyakar Nijar, a babur. Agadas ya nufa, inda ya ce masu gita ba sa ɓuya. Ya kira mu daga Damagaram, ya kira daga Agadas, ya sake kira daga wani gari a Libiya da ban riƙe sunansa ba. Daga nan lambar ta daina shiga. Shekaru sun shuɗe, ba mu ji rasuwarsa ba, ba mu kuma sake jin muryarsa ba. Gitar ta zauna a rataye a ɗakin Inna da ramuka biyu a ƙirjinta.

Maganar ɓuya da ya yi tana da tushe. Baba dillalin shanu ne, mutum mai jin kansa, kuma a wurinsa duk abin da ke da tsirkiya kayan maroƙa ne, ko daga Turai aka kawo shi. Gidanmu bai taɓa fitar da maroƙi ba, ya kuma rantse ba a kansa za a fara ba. Don haka Yaya ya koma kaɗa gitarsa a ɗakin Inna bayan la'asar, lokacin da Baba ke zaure da abokansa suna lissafin kasuwar Mai'aduwa. Akwai wata tsohuwar randa a kusurwar ɗakin da ta tsage ta daina riƙe ruwa. Yaya ya ciro sifika daga wata matacciyar rediyo, ya ja mata doguwar waya, yakan zura ta cikin randar ya rufe bakin da faifai don kada sauti ya kai zaure. Ya tsani randar nan ƙwarai. Kullum cewa yake tana shaƙe shi, wata rana sai ya kaɗa a fili da sifika mai tsayin mutum, mu ji yadda gitarsa take da gaske. Ni dai ina tsakar gida ina ji, ga daɗi ga tausayi. Inna kuwa, tana tankaɗe ko tana tsintar shinkafa, takan ɗaga murya kaɗan ta ce, "Kai wannan, rage, Malam na zaure."

"Wannan" take ce masa, domin shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallon fuskarsa in tana masa magana, ba ta yabonsa, in an yabe shi a gabanta sai ta tashi ta sami wani aiki. Da ya ɓace, kunyar nan ta zame mata ɗauri. Mu muna iya cewa muna kewarsa, mu ambaci sunansa, mu yi kuka in ta kama. Ita ko tambayar an ji labarinsa ba ta iya yi. Sai dai in wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba in ga hannunta ya tsaya cak a kan abin da take yi, har in gama magana.

Bayan rasuwar Baba, wata rana na shiga gaishe ta na tarar tana goge gitar da gefen zanenta. Ba ta juyo ba ta ce, "Wannan katakon na wancan yaron, haka zai yi ta zama ba baki?" Ta ƙara da cewa, "Kunnena ma ya fara mantawa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma a bakin Inna wannan kuka ne. Ba mu da kaset ɗin Yaya, ba mu da ko ɗan abin da aka ɗauka a waya. Na fita daga ɗakin na ƙudurta a raina sai na dawo mata da sautin nan kafin ya gama fita daga kunnenta.

Sana'ata gyaran waya ce, liƙa waya da dalma ba ya ba ni tsoro. Na kuma iya kiɗa guda ɗaya da Yaya ya koya mini, wani mai tafiya irin ta gurmi, wanda ya fi yawan kaɗawa. Abin da ya rage shi ne fikof. Na san irin nasa, domin ya sha yi mini taƙama da su. Hambaka ne, masu naɗi biyu gefe da gefe, waɗanda ke kashe gurnanin da wutar janareto ke sa wa sifika. Na ɗauka in na sayo hambaka an gama. Ashe su ma dangi ne guda, kowa da halinsa.

Na farko a Sabon Garin Kano na samo su, a wani shago mai sayar da kayan kiɗan coci. Baƙaƙe ne, ba murfi, mai shagon ya ce masu zafi ne, su matasa ke so. Na liƙa su, na aro babbar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, daga wurin wani mai kiɗan biki, domin na ce tunda Baba ba ya nan, gitar Yaya za ta yi magana a fili kamar yadda ya so. Na kafa kaya a tsakar gida na kaɗa. Kaji suka watse. Inna ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan ai kwanon rufi ake yankawa." Na ji haushi, amma gaskiyarta ce. Sautin yana da kaifi, yana cizon kunne, ba ya jira ka gama taɓa tsirkiya ya yi ihu.

Na biyu ta waya na yi odarsu, suka iso tasha a cikin wani ɗan kwali. Masu murfin ƙarfe ne, suna ƙyalli, an ce maganaɗisunsu irin na da ne mai sanyin murya. Waɗannan sun fi hankali. Na wajen wuyan gitar yana da kauri da taushi, na wajen gindi yana da ɗan haske. Na sa rai sosai. Inna ta karkata kai ta ce, "Wannan kuma mura yake yi." Ta ci gaba da gyaran zogalenta.

Daga nan abin ya zame mini ciwo. Ina rufe shago sai in hau kallon Turawa a waya suna gwada fikof ɗaya bayan ɗaya, kowa na gyaɗa kai kamar mai ɗanɗana miya, har data ta ƙare. Na ɗaga fikof kusa da tsirkiya, sauti ya yi ƙarfi ya rasa daɗi. Na saukar da shi, ya yi daɗi ya rasa ƙarfi. Na sa na wuya a gindi, na gindi a wuya. Na haɗa baƙi ɗaya da mai murfi ɗaya. Har fasa su na yi na musanya musu maganaɗisu, na ƙona yatsa, na lalata guda. Matata ta ce da wayoyin mutane nake yi wa wannan naci da tuni na gina bene. Inna ta daina ba da hukunci da baki. Ina kaɗawa, in hannunta bai tsaya ba, na san ban samu ba, kuma bai taɓa tsayawa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ni kaina na fara rikicewa. Da can in na rufe ido ina jin gitar Yaya sarai, wani sauti mai zurfi da ke zagayawa kafin ya iso kunne, kowace tsirkiya tana barin ɗan amo a bayanta. Da na ji sautuka da yawa sai suka fara hawa kan nasa. Wata rana na rufe ido na neme shi, sai na ji na Sabon Gari. Na ji tsoro ƙwarai. Na fito in ceto abin da Inna ke mantawa, ga shi ina zubar da nawa.

Ana cikin haka wani makaɗi daga Damagaram ya kawo mini wayarsa gyara. Hira ta kai mu ga gita, na ba shi labari. Ya ce yana da wasu tsofaffin hambaka a wata gitarsa, sa'o'in na Yaya ne a shekaru, zai aiko mini in gwada. Ya cika alkawari. Direba ya kawo su da tsatsa a jikin murfinsu, tare da saƙon cewa in mayar washegari da safe ta hannun direban, domin mai su yana da biki.

Ranar kuwa ana zaman makoki a gidan da ke jikin namu. Tsohon gidan ya rasu, maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi, ana ta addu'a. Na je na yi gaisuwa, na zauna gwargwado, amma Allah ya sani hankalina na kan ɗan ƙunshin da ke aljihuna. Bayan la'asar na shigo na liƙa su, na fara jawo babbar amfilifayar nan zuwa tsakar gida.

Inna ta ce, "Kai, ba ka da kunya? Ana makoki a bayan katanga za ka tayar wa mutane da biki?"

Na ce, "Inna, gobe da safe za a mayar da su. In ban gwada yau ba shi ke nan."

Ta ce, "To in ba za ka haƙura ba, ga randa can. A da ina ake yi?"

Ba don ta san wani sirri ta faɗa ba, kunyar maƙwabta kawai take ji. Ni ma da ɓacin rai na karɓa, domin a ganina in na shaƙe sautin ba zan gane ko fikof ɗin sun dace ba. Randar tana nan a kusurwarta, ta zama ma'ajin tsofaffin zannuwa. Na kwashe su, na tarar da 'yar sifikar Yaya a ƙasa, da doguwar wayarta a naɗe. Inna ce ta ajiye ta a wurin, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Na haɗa ta da ƙaramar amfilifayar shagona, na zura ta ciki, na rufe da faifai, na zauna inda yake zama.

Tsirkiya ɗaya na taɓa. Sautin ya sauka cikin randar, ya zagaya, ya fito ta gefen faifan da ta tsagar nan, mai zurfi, da ɗan amonsa a baya. Shi ne. Ba mai kama da shi ba, shi ɗin ne. Na fara kiɗan nan mai tafiyar gurmi, ina kuskure ina ci gaba. Duk watannin nan ina neman gitar da Yaya ya yi mafarkin kaɗawa a fili, alhali mu ba mu taɓa jin ta ba. Wadda muka sani, wadda muke kewa, ta cikin randa ce.

Ta ƙofar ɗakin ina hango Inna a tsakar gida da faranti a cinya. Hannunta ya tsaya. Ta daɗe a haka, sannan ta ajiye farantin ta taso a hankali, ta dafa bakin ƙofa. Ba ni take kallo ba, randar take kallo. Na saba da abin da ke biyo baya, har na kai hannu zan murɗa sautin ƙasa. Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Tunda nake ban taɓa jin sa daga gare ta ba.

Ta ce, "Kada ka rage."

Ban rage ba. Na yi ta maimaita kiɗa ɗayan da na iya har aka kira magariba, tana tsaye a wurin, ni ina kuka ita ba ta yi.

Washegari na mayar wa mutumin Damagaram kayansa. Na dawo da masu murfin nan da Inna ta ce suna mura, na gwada su a randa, su ma suka bayar da kusan abin da ake nema. Har baƙaƙen Sabon Gari sun yi ladabi da suka shiga ciki. Yanzu masu murfin ne a jikin gitar, ramukan sun rufe, kuma duk la'asar ɗin da na taso shago da wuri nakan shiga ɗakin Inna in zauna in kaɗa. Ba ta sake kiran sunan ba, ban kuma sa ran za ta sake ba.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne tunanin Yaya. In yana raye, na san ya sami katako, ya ɗaura fikof ɗinsa, ya kaɗa a fili da sifika mai tsayin mutum. Ina jin tsoron ya kaɗa ya ji ba ita ba ce. Na san halinsa, naci ne da shi fiye da nawa. Wataƙila yana wani gari yanzu da sukudireba a hannu, yana cire wannan yana sa wancan, yana zargin kunnensa. Har yau nakan gwada tsohuwar lambar nan in na zauna a shago ba aiki. Da za ta shiga, ba zan tambaye shi inda ya shige ba. Zan ce masa, Yaya, randa ce, tana nan inda ka bar ta, kuma Inna ta kira sunanka.