Mai Gyaran Agogo na Ƙasan Bene

Fulvio Cravero malamin firamare ne a Torino, amma yana da wata sana'a da babu wanda ya sani sai matarsa Nives. Yana cikin mutum huɗu da ke rubuta littattafan Kyaftin Oreste Marenco, labarin wasu yara uku masu bankaɗo ɓarayi, wanda ke fitowa duk wata. Sunansa ne a bangon littattafan a matsayin marubuci, amma babu wani Kyaftin Marenco a duniya. Kamfanin buga littattafan ne ya ƙirƙiro sunan, ya sa aka zana masa gemu da hular jirgin ruwa, ya kuma gargaɗi marubutan su ja bakinsu su yi shiru.

Wata shekara aiki ya cushe wa Fulvio, lokaci ya ƙure, ya rasa ɓarawon da zai sa a labari. A ƙasan benensu akwai mai gyaran agogo, Gaspare Lo Cascio, mutumin tsibirin Sisiliya na can kudu, da neman abinci ya kawo arewa. Yana ɗingishi, yana da tabon ƙuna a wuya, kuma in ya kara agogo a kunne sai ya riƙa fito a hankali. Fulvio ya kwashe wannan duka ya ɗora wa wani ɓarawo mai ɓoye zinariyar coci a cikin agogon bango. Suna kawai ya sauya. Ya ce a ransa wa zai lura.

Yara suka lura tun a makon farko. Suka riƙa bin Gaspare suna kwaikwayon tafiyarsa, suna fito, suka rubuta masa "ɓarawo" da alli a ƙofa. Iyayensu, waɗanda da ma ba su yarda da mutanen kudu ba, suka fara kai agogunansu wani wuri. Rabin yaran nan 'yan ajin Fulvio ne.

Ran nan da hantsi Gaspare ya hau benen, littafin a hannu ɗaya, jakar lemo a ɗayan.

"Farfesa, kai ne mai ilimi a gidan nan," in ji shi. "Me na yi wa Kyaftin ɗin nan? Ko jirginsa ban taɓa shiga ba."

Ya roƙi Fulvio ya raka shi kamfanin, don shi bakinsa ba ya kai wa manya. Nives ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon mijinta. Fulvio ya ɗauki hularsa.

A kamfanin, editan da ke karɓar aikinsa duk wata ya gaishe shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ce Kyaftin yana teku, ba a san ranar dawowarsa ba, kuma kama da wane ba ta wane. Fulvio har ya ɗan ɗaga murya, wai yana tsaya wa maƙwabcinsa. Aka sallami Gaspare da kyautar littattafai. A hanya ya dage sai ya saya wa Fulvio kofi, ya dafa kafaɗarsa ya ce yau ya san yana da ɗan'uwa a garin nan.

A gida Fulvio ya ce wa Nives ai su huɗu ne, sunan ba nasa ba ne shi kaɗai.

"Duk huɗun ne ke kwana a saman shagonsa?" ta tambaye shi, ta ci gaba da yankan albasa.

Ya yi ƙoƙarin gyara. Ya rubuta wani labari inda aka gano ƙazafi aka yi wa mai agogon. Editan ya dawo masa da shi, ya ce yara sun ƙaunaci ɓarawon nan, ba a wanke shi. Ya sa wani cikin huɗun, wanda bai taɓa ganin Gaspare ba, ya dawo da gurgun ɓarawon a littafi na gaba, da na bayansa, kowane karo ya fi na baya mugunta.

Kafin sanyi ya shigo Gaspare ya rufe shago, ya koma Janowa wurin surukinsa, aikin gadi a tashar jiragen ruwa. Fulvio ya taya shi ɗaure kaya. Sau da yawa maganar ta zo masa baki, yana ɗaga akwati yana ajiyewa, har mota ta tashi bai faɗa ba.

Bai daina rubutun ba, don yana da 'ya'ya mata a makaranta. Amma daga nan duk ɓarayinsa ba su da fuska, sai doguwar riga da inuwa, har editan ya riƙa ƙorafi cewa hannunsa ya mutu.

Bayan ya tsufa, Nives ta rasu, sauran marubutan ukun ma sun riga shi gidan gaskiya, wata 'yar jarida ta binciko cewa shi kaɗai ya rage cikin masu sunan Kyaftin. Ta zo har gida da mai ɗaukar hoto, tana zumuɗi, ta ce da littattafansa ta koyi karatu. Fulvio ya buɗe ƙofa kaɗan, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce mata ta yi ɓatan gida, shi lissafi ya koyar.