Rigar Sallata Mai Dogon Hannu Ɗaya

Har na kai shekara goma sha ɗaya ban taɓa sa tufar da tela ya ɗinka ba. Ba ni kaɗai ba, duk gidanmu da ke unguwar Mabera haka muke. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inno, ita ke yi mana ɗinki da wani baƙin keken hannu da ta taho da shi daga cikin gari bayan rasuwar kakanmu. Ita ke ɗinka mana kayan makaranta ni da ƙanwata Safiya, ita ke kalmashe zannuwan Umma, har wandunan Baba da ’yan rigunan da yake shan iska da su in ya dawo daga aiki duk aikinta ne. Ba ta amfani da tef. Da taƙi take auna mutum. Sai ta ce, “Luba, taho ki tsaya nan,” ta bi kafaɗata da yatsunta tana motsa leɓe, ta ɗauki almakashi ta yanka yadi ba tare da ta rubuta komai ba. Kuma in ta gama, kamar a jikinka aka ɗinka.

Da rana keke ne, da yamma kuma aikin hannu. In an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta jawo tabarmarta bakin madafa inda garwashin murhu bai gama mutuwa ba. Umma ta zuba mana gyaɗa a cikin toka, Inno ta ɗauko rigar da ta rage saura maɓalli ko kalmasa, mu kuma mu zauna a gabanta. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Cewa take, “Ga wata baƙuwa nan bakin ƙofa.” Mu ce, “A shimfiɗa mata tabarma.” Daga nan sai labari, allura na shiga tana fita. In an zo wurin tsoro sai ta tsayar da hannu, zaren ya tsaya a miƙe, mu ma numfashinmu ya tsaya. In aka wuce wurin ta ja zaren ta ci gaba.

A wannan shekarar ce ta fara miƙo mana allura mu zura mata zare. Ta ce koya mana take yi, don mace ba ta zama ba ta san kafar allura ba. Safiya tana murna, ni kuwa gunaguni nake, domin raina ya riga ya fita daga ɗinkin gida. ’Yan ajinmu suna maganar telolinsu, wannan ta ce nata a kasuwa yake, waccan ta ce nata daga wata ƙasa ya zo, yana da littafin zane da ake zaɓa. Ni ba ni da abin cewa.

Da azumi ya yi nisa Baba ya sayo mana atamfa, tawa shuɗiya mai zanen ganye ruwan ɗorawa. Na same shi a zaure na roƙe shi a kai wa tela. Bai ko ɗaga kai daga littafin da yake dubawa ba ya ce, “Uwata na raye, kekenta na aiki, ki ce in kai ɗinki waje?” Magana ta ƙare.

Rigar da Inno ta saba gamawa a wuni ɗaya, wannan sai da ta kwana biyar a kanta. Ina jin keken ya yi gudu kaɗan ya tsaya, ya daɗe shiru, ya sake tashi. Ban tambayi dalili ba. Ana gobe Sallah ta kira ni in gwada. Ina sawa na ga hannun dama ya fi na hagu tsawo da kamar yatsa uku, wuyan kuma ya ɗan karkace. Na dubi Umma. Umma ta yi mini ido, ta matso ta naɗe hannun a hankali.

Inno ta ce, “Ta yi?”

Umma ta riga ni amsawa. “Ta yi kyau ƙwarai, Inno.”

“Luba nike tambaya.”

Na ce, “Ta yi.” Na shiga ɗaki na yi kuka a bayan ƙofa.

Washegarin Sallah muka tafi gaisuwa unguwar Gawon Nama, gidan Baffa, ƙanen Baba. Inno ma da ita aka je, tunda ɗanta ne. Gidan cike yake da baƙi. ’Yar Baffa, Zainab, tsarata ce, kuma ƙawayenta uku sun zo, kowace da ɗinkin tela mai ado a wuya. Muka tsaya a gefen baranda muna cin cincin. Ina ta riƙe hannun rigar da na naɗe, amma da na miƙa hannu zan karɓi lemo sai ya warware ya sauko har ya rufe mini yatsu.

Ɗaya daga cikinsu ta yi dariya ta ce, “Ke, wa yaɗ ɗunka miki wagga riga? Hannu guda ya ɗara guda.”

Zainab ta san amsar, amma ta bar mini. Da na ce kakata ce, da maganar ta mutu a nan, don babu yarinyar da za ta yi wa kakar wata dariya a gaban idonta. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne: “Wata tsohuwa ce can unguwarmu. Ba ta iya komi ba. Tausayinta anka ji anka ba ta.”

Suka yi dariya, ni ma na taya su. Sai na ga Zainab ba ta dariya, idonta na kan wani abu a bayana. Na waiwaya. Inno ce zaune a kan darduma a cikin barandar, tsakaninmu da ita bai fi taku huɗu ba, ginshiƙi ne kawai ya kare ta. Carbi na hannunta. Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da ja, ɗaya bayan ɗaya.

Baffa ne ya mayar da mu gida a motarsa. Inno ta ɗora Safiya a cinya, tana hira da Baffa kan ciwon ƙafar wata ’yar’uwarsu. Ni ina manne da ƙofa, ina jiran lokacin da za ta gaya wa Baba. Ba ta gaya masa ba, ba ta gaya wa Umma ba. Kwana biyu ina kewaye ta a cikin gida, in ta fito tsakar gida in shige ɗaki.

A rana ta uku da yamma ta jawo tabarma bakin murhu kamar kullum. Babu ɗinki a hannunta. Na so in ce kaina na ciwo, amma Umma ta ce in fito. Na zauna a bayan Safiya.

Inno ta ce, “Ga wata baƙuwa nan bakin ƙofa.”

Safiya kaɗai ta amsa.

Labarin wata mata ne a wani gari da mutanensa ba su san ɗinki ba, sai dai kowa ya yafa ƙyalle ya ƙulle a wuya. Wata rana matar ta je rafi ta tsinci allura a cikin yashi, allurar kuwa mai magana ce. Ta ce da matar, zan ɗinka miki duk abin da kike so, amma ni ba na cin hatsi, ba na shan ruwa. Abincina haske ne. Kowace riga muka gama, zan ɗebi ɗan haske daga idonki, kaɗan ne, ba za ki ma ji ba. Matar ta ce ta yarda. Ta ɗinka wa mijinta, ta ɗinka wa ’ya’yanta, ta ɗinka wa maƙwabta, har garin duka ya sa riga. Shekaru suka wuce. Wata rana allurar ta ce mata, hasken da ya rage miki na riga ɗaya ne, kuma ko shi ba zai kai ƙarshenta ba. Ki ajiye ni ki riƙe abinki, ko kya riƙa ganin hanyar rafi. Matar ta ce, akwai jikata, ba ta da rigar idi. Suka fara. Suna cikin hannu na biyu hasken ya ƙare, matar ta ƙarasa da lalube. Da yarinyar ta sa rigar ta fita, sai yara suka yi mata dariya. Ta cire ta jefa a rafi, ta ce ba ta san wadda ta ɗinka ba.

Na san tatsuniyoyin Inno, na san abin da ke samun yaran da suka yi rashin kunya a cikinsu: ko kura ta ɗauke su, ko ƙasa ta haɗiye su, ko su koma dutse. Na sunkuyar da kai ina jiran nawa hukuncin.

Inno ta ɗauki tsinke ta tona garwashi. Ta ce, “Baƙuwa ta naɗe tabarmarta.”

Safiya ta ce, “Inno, ba ta ƙare ba. Mi yas sami yarinyar?”

“Ba abin da yas same ta.”

“Ko kura?”

“Ko kura. Girma tay yi, kamar kowa.”

Safiya ta ce wannan tatsuniya ba ta da daɗi. Inno ta yi ’yar dariya ta ce ba kowace baƙuwa ke zuwa da tsaraba ba, mu tashi mu yi isha’i.

Abin da na fahimta a ranar ɗaya ne: ta ji ni, kuma ta bar ni. Har wani sauƙi na ji. Maganar allura mai cin haske kuwa na ɗauke ta irin abubuwan da ake sakawa a tatsuniya don ta yi armashi. Bayan Sallar Inno ta rufe kekenta da wani tsohon zane ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ce da Baba bayanta ya gaji. Da aka koma makaranta Baba ya kai mu wurin tela. Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Na tsaya ana auna ni da tef ina jin na zama mutum.

Sai da aka kusa shekara, ranar da Inno ta zuba wa Baba ruwan zafi a gefen kofi ya sauka a ƙafarsa, sannan aka kai ta asibitin ido. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin idanun a ɓoye, an makara. A ranar Umma ta zaunar da ni a ɗakinta ta gaya mini abin da ita ta sani. Ta ce sau biyu Inno ta farke hannun rigar nan tawa ta sake ɗinkawa, ɗinki na uku ne na sa. Ta ce ta roƙe ta ta bari a kai wa tela a gyara a ɓoye, Inno ta ƙi, ta kuma hana ta gaya wa Baba komai. Tsoronta kada a karɓe keken, ta zama tsohuwar da ake ajiye wa tuwo a bakin ƙofa kawai. Umma ba ta san abin da na faɗa a Gawon Nama ba. Tana ba ni labarin ne don in tausaya wa Inno. Ni kuwa ina zaune, na kasa haɗa ido da ita.

Inno ta rayu shekara tara bayan haka, ba ta gani. Ina kai mata ruwan alwala, ina taje mata kai, ina ja mata hannu zuwa bakin murhu, tana ba ƙannenmu tatsuniya. Kullum ina cewa gobe zan yi maganar. Ina kwalejin horon malamai na dawo hutu, na shiga gaishe ta da wata sabuwar riga. Ta kamo hannuna, sai yatsunta suka bi ɗinkin daga wuyan hannu har kafaɗa, ta juya kalmasar ta shafa cikinta.

Ta ce, “Wanga tela ya iya. Bai yi gaggawa ba.”

Na ce, “Inno.”

“Na’am.”

“Rigar nan ta Sallah, shuɗiya…”

Ta mayar da hannunta kan kafaɗata. Sannan ta ce, “Wace? Na ɗunka muku riguna da yawa, ɗiyata.”

Ta san wadda nake nufi. Na ji a yatsunta, yadda suka tsaya. Ƙofa ce ta buɗe mini da wannan magana, in na so in shiga in faɗi abin da ke bakina, in na so in fice. Na fice. Na ce, “Ba komi, tunawa kawai na yi.” Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta tambaye ni ko ana ba mu abinci mai kyau a makaranta. Da damina ta zagayo ta rasu, ina can wurin jarrabawa.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar nan horo ce aka yi mini cikin ladabi. Yanzu da na kai shekarun da nake cire tabarau in goge kafin in karanta rubutun ɗalibaina, na gane ba ni kaɗai ke jin kunya a bakin murhun nan ba. Mace ce da ta tufatar da gida guda shekara da shekaru, ta ji jikarta ta ce ba ta iya komai ba, kuma ta san akwai gaskiya a hannun rigar. Ba ta iya cewa “ba na gani” ba, sai ta sa allura ta faɗa mata. Ta gaya mana ciwonta ƙarara, a gaban Umma, a gaban Safiya, a gabana, ni kuma ina can ina lissafin ko kura za ta cinye ni.

’Ya’yana suna son tatsuniya, kuma na ba su kusan duk na Inno. Wannan ce kaɗai ban taɓa ba su ba. Na san yara. Ɗayansu zai tambaye ni ko yarinyar ta koma ta ba kakarta haƙuri, kuma ni ce zan amsa.