Alkyabba a Majema

Muna aji uku na sakandare malamin adabi ya kawo mana wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa, wanda ya mayar Hausa da kansa. Farkonsa kawai za mu yi ranar raba kyaututtuka: yunwa ta fito da talakawa da sanduna, sai wani jarumi ɗan babban gida ya tsaya musu ƙerere, ya ce su watse, wari suke yi. Malam ya ce ƙarshen mutumin bai yi kyau ba, amma mu ba mu kai can ba.

Ni aka ba jarumin, don murya ce da ni kamar mai shela. Ni kuwa ɗan majemi ne daga bakin Jakara, a cikin fatu na tashi. Abokin zamana a benci, jikan wani mai sarauta a unguwar Sheshe, shi aka jefa cikin masu sanduna. Ai kuwa 'yan aji suka samu abin tsokana! Shi ko a jikinsa. Shi ne ma ya aro mini alkyabbar marigayi kakansa a wajen kakarsa, ita kuma ta ɗauka jikanta ne zai yafa.

Har yau idan na tuna ranar, kamar a barci na gan ta. Alkyabba ce shuɗiya mai aikin zare ruwan zinariya, tana ƙamshin tsohuwar adaka. Da ta sauka a kafaɗata sai na daina jin ƙasa a tafin ƙafata. Hayaniyar mutane ta koma can nesa, hasken taga yana ta yawo a kan zaren. Na daka wa masu sanduna tsawa, suka ja da baya, wallahi na ji daɗi har cikin raina. Can ƙarshen ɗakin taron na hango Baba a tsaye yana tafi.

Washegari Inna ta linke ta, ta yayyafa mata turare, na kai Sheshe. Muna tsaye a soro ni da abokina, Hajiya kakarsa ta ji baƙuwar murya, ta yi magana daga bayan labule: "Ɗan gidan wa ya yafa?" Ya gaya mata ni ne, ɗan majemi. Sai ta ce, "Allah sarki. Ka ce ya riƙe, mun ba shi."

Ban san yadda na iso gida ba don murna. Har na gama ganin kaina a cikinta ranar Sallah.

Baba yana kankare fata. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Ta karɓa ta duba?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ko taɓawa?"

Na girgiza kai.

Ya ajiye wuƙar. "Wannan ba kyauta ba ce, ɗana. Ba ta son ta koma mata adaka ne."

Na yi kuka, na yi magiya, na ce ko sau ɗaya ya bar ni in fita da ita. Haushinsa na ji ranar, ba na Hajiya ba. Ya wanke hannunsa tas, ya ɗauki alkyabbar ya shanya ta a igiyar bakin hanya, tsakanin fatun awaki, inda duk mai wucewa kasuwar Kurmi zai gani. Nan ta ci rana, ta sha damina, iska tana kaɗa ta tare da fatu, har shuɗin ya koɗe. Ba wanda ya zo ya ce a sauke.