Lita Bakwai Zuwa Trinidad

Evaristo ya yi shekara arba'in yana jigilar buhunan kofi da fasinja daga ƙauyensu na kan dutse zuwa garin Trinidad, a motarsa Ford ƙirar 1956 da ya gada wurin mahaifinsa. Duk tsawon shekarun nan musu ɗaya yake yi da Wilfredo, yayan matarsa, mai Chevrolet ƙirar 1953.

"Tawa silinda takwas, ƙarfinta na doki ɗari biyu ne," in ji Evaristo. "Taka silinda shida, doki ɗari da 'yan kai, su ma guragu."

"Taka dai mashayiya ce, suruki," in ji Wilfredo. "Ko kallonta ka yi sai ta nemi fetur."

Ranar wata Talata da hantsi Onelia, matar Evaristo, ta yanke jiki ta faɗi a kicin, bakinta ya karkace. Motar asibiti ta tafi wani gari. Makon nan kuwa babu fetur ko'ina. Evaristo ya zura sanda a tankinsa: lita bakwai. Asibitin Trinidad kilomita arba'in da biyar ne, kuma ya san motarsa kamar yadda ya san ciwon gwiwarsa. A talatin da biyar za ta tsaya.

Tankin Wilfredo a bushe yake ƙamas. Evaristo ya ɗauko tiyo, ya durƙusa, ya zuƙo da baki har fetur ya ƙona masa maƙogwaro, ya tatse Ford tas, ya juye a tankin Chevrolet.

"Kawo gurguwar taka."

Wilfredo ya miƙa makulli, ya shiga baya ya rungume ƙanwarsa.

A hawan farko Chevrolet ta yi ta nishi, Evaristo yana dukan sitiyari. Da Ford ce, da tuni ta wuce nan kamar iska. Amma da suka kai kan tudu ya yi abin da ya daɗe yana yi wa surukinsa dariya a kai: ya cire giya, ya kashe inji, ya bar gangara ta ja su. Ba a jin komai sai kukan birki da numfashin Onelia.

"Tsohuwa, kina ji na?" in ji Evaristo.



"Tana matse mini yatsa," in ji Wilfredo. "Kai dai duba hanya."

Sau huɗu ya kashe injin, sau huɗu ya tayar da shi da giya ta biyu. A bakin gari motar ta yi tari ta mutu, ana hango rufin asibiti. Evaristo ya fito ya kafa kafaɗa a ƙofa yana turawa, yana ihu. Masu buga wasan domino a gindin bishiya suka watsar da wasan suka kama masa turi.

Onelia ta rayu, sai dai hannun hagu bai dawo ba. Evaristo ne ke dafa mata shinkafa da wake yanzu. Idan aka tayar da zancen mota, sai ya tashi ya je duba tukunya.