Ranar da Gwaggo ta Dafa Ganda

A Haɗeja ta zamanin Turawa, a shekarun da suka biyo bayan dawowar sojoji daga yaƙin Bama, in ka ce kana neman Shu'ibu sai a tambaye ka wanne. In ka ce mijin Gwaggo kuwa, nan take za a nuna maka ƙofar gidan. Matarsa ta aure Rahmatu ce, mace mai hankali, ba ruwanta. Gwaggo mota ce.

Tsohuwar motar soja ce mai shiga daji, gajeriya, ba ƙofa, rufinta tamfol. Wani Bature mai aikin auna fadama ne ya gaji da halinta, ya yasar da ita a gindin tsamiya har kaji suka fara saka ƙwai a kujerar direba. Shu'ibu a lokacin bai daɗe da barin aikin karen mota ba, inda ya koyi tuƙi da riƙe sufana da baƙar magana a hanyar Kano zuwa Malam Madori. Kullum sai ya je ya zagaya motar nan yana shafa ta. Ran da Baturen zai tashi, ya ce masa in zai iya kawar da ita daga wurin, ta zama tasa. Shu'ibu ya aro takarkarai, ya ɗaura mata igiya, ya hau ya riƙe sitiyari yana ɗaga wa jama'a hannu, shanu na ja. Matan unguwa suka leƙo suka ce ga gwaggon wani nan ta zo ganin gida, sunan ya bi ta.

To, Gwaggo ba ta da wani ciwo sai yoyo. In ba mai take zubarwa ba, ruwa ne. Duk inda ta kwana sai ta bar shaida a ƙasa. Abin da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada a yi tsiyaya, wanda masu mota ke ce wa fakin, sai an je Kano ake samunsa, shi kuwa Shu'ibu ya ce ba zai je Kano don abin da akuya ke yawo da shi a bayanta ba. Sai ya karɓo jemammiyar fata wajen dukawa, ya ɗora ta a kan ƙarfen, ya bi gefe-gefe da ɗan guduma yana ƙwanƙwasawa har siffar ta fito, ya yanke da aska, ya shafe da ƙaro da man kaɗe. Lagireto kuma, wato tankin da ke sanyaya ruwan inji, duk ramin da ya ɓullo sai ya liƙe shi da sabulun salo. Yana yi yana lallashinta: "Haba Gwaggo, haba uwar ɗakina, ɗan buɗe baki mu gani." Abin haushin, sai ta tashi. Da rani ita ce mai ɗauko shinkafa da bandar kifi daga Auyo, tana tari tana tafe.

Amma akwai wani abu da Shu'ibu ba ya wasa da shi, shi ne mahaifiyarsa, Inna Yelwa. Tana zaune a wani ɗan tudu a bayan Auyo da 'yan shanunta. Tun yana goye kwale-kwale ya kife da mahaifinsa Ɗahiru a tsakiyar ambaliya, tana tsaye a gaɓa tana kallo. Daga ranar ba ta ƙara sa ƙafa a jirgin ruwa ba, kuma ba wanda ya isa ya yi mata maganar. Duk shekara in kogi ya cika ya malale fadama, tudun nan sai ya zama tsibiri, ita kuma ta zauna abinta har ruwa ya janye da kaka.

Sai ga shi Allah ya ba Rahmatu haihuwa bayan shekaru masu yawa ana jira, ɗa namiji, kuma bai tashi zuwa ba sai da damina ta yi nisa. Masunta suka ce ruwan ambaliya ya riga ya wuce Miga, yana tafe. Ko dai a ɗauko Inna ta hanyar tudu yanzu, ko a yi sunan jikanta ba ita. Shu'ibu ya fito da gudu, baki har kunne, ya murza hannun tayar da inji. Gwaggo ta yi tari, ta saki ruwan cikinta gaba ɗaya a kan ƙafarsa.

Famfon ruwa ne ya saki, wannan mai sauƙi ne, ya yanka masa sabon fakin. Lagireto ya yi 'yan ramuka a can ciki inda hannu ba ya kai wa. Babbar masifar ita ce tiyon roba da ke kai ruwan zafi daga inji zuwa lagireto, ya tsage daga baki har gindi. Shu'ibu ya zauna ya yi tagumi, can sai ya zabura ya nufi mahauta. Ya dawo da fatar ƙaurin sa wadda aka zare ɗungurungum kamar safa, ɗanyen ƙirgi busasshe, in ka buga shi sai ya yi ƙara kamar itace. Ya jiƙa bakinta, ya zura, ya ɗaure da waya. Ya ja da baya yana kallon aikinsa, shi da kansa ya yi wa kansa kirari.

Inda aka samu matsala, mutanen unguwa sun ji Gwaggo ba lafiya, kuma sun san abin da ke gabanta. Mu kuwa ba a yin ciwo a unguwa a bar ka kai kaɗai. Sai aka fara zuwa dubiya, kowa da maganinsa a hannu. Kulu mai tuwo-tuwo ta zo da ludayin garin kuka, ta ce abin da ya kama ruwan miya ya yi kauri ba zai kasa kama ramin allura ba. Wannan dai Shu'ibu ya taɓa gani a hanyar Kano, ya karɓa da godiya. Wani ya ce barkono ya fi, aka zuba. Sannan ga Kawu Haladu, ƙanen Inna, tsohon makiyayi da ya koma sayar da kanwa a kasuwa. Ya taɓa goshin inji da bayan hannu, ya girgiza kai.

"Zafin ciki ne, Auta. Saniya in ta yi haka me ake ba ta?"

"Kawu, ai wannan ba saniya ba ce."

"Tana ci? Tana sha? Tana fitsari?"

"Tana yi, Kawu."

"To buɗe mini."

Wa zai ce wa kawunsa a'a a gaban jama'a? Shu'ibu ya buɗe murfin lagireto ya kau da kai, Kawu ya marmasa jar kanwa cikin tafin hannu ya ɗura. Har yau ba a san wanda ya jefa daddawa ba.

Abin mamaki, yoyo ya tsaya cak. Da sassafe suka kama hanya, Shu'ibu a sitiyari, Kawu a gefe ya riƙe hularsa da rawaninsa da hannu bibbiyu yana faɗa wa duk wanda suka wuce cewa shi ya warkar da ita. Fadama ta yi kore shar, shinkafa na kaɗawa, balbelu na tashi gabansu. A wurare ruwa ya fara lasar gefen hanya. Shu'ibu na waƙa, Gwaggo na tsalle a kan kunyoyi kamar 'yar maraƙa.

Inna Yelwa suka tarar a shirye tsaf, ta bar shanu a hannun maƙwabta. Ƙanƙanuwar tsohuwa ce, ba ta cika fara'a ba. Ta zagaya motar tana hararta, ta tabbatar ba ta da kama da jirgi ta ko'ina, sannan ta hau baya da ƙwaryar man shanu da ƙullin kayanta. A saman ƙullin akwai tsohuwar salka ta fatar akuya, wadda Ɗahiru ke zuba ruwa in zai fita kiwo. Ita kaɗai ce kogi ya dawo da ita. Duk shekara sai ta shafe ta da mai, kuma ba ta kwana inda salkar ba ta.

A hanyar dawowa rana ta take, Gwaggo ta ɗau zafi. Can Inna ta ɗaga hanci.

"Auta, wa ya ɗora tukunya a dajin nan?"

"Ba kowa, Inna."

"Miyar kuka ce. An cika mata kanwa." Ta sake shaƙa. "Kuma da ganda."

Kafin ya ba ta amsa, sai ji suka yi fuuu, tururi ya turnuƙe gaban mota, wani koren abu mai yauƙi ya fantsamo ya wanke gilashi. Gwaggo ta yi shaƙuwa ta tsaya. Shu'ibu ya ɗaga murfin inji da gefen rigarsa. Ƙirgin nan da jiya yake kamar itace ya kumbura, ya yi laushi luguf, ya ɓare gida biyu yana rawa. Ruwan zafi da kanwa sun yi masa abin da suke yi wa kowace fatar sa tun da aka fara girki a duniya. Kawu Haladu ya miƙa hannu ya ciro ɗan yanki, ya hura, ya jefa a baki.

"Ta nuna," in ji shi. "Gishiri ne babu."

Sai Inna ta fashe da dariya. Shu'ibu tun da yake bai taɓa jin irin wannan dariyar daga bakinta ba. Ta riƙe ciki, ta kifa kai a kan ƙwaryar mai, hawaye na zuba, tana nuna ƙanenta ta kasa magana. Kawu ma ya kama, har ya ƙware da gandar. Shu'ibu ya so ya yi, amma idonsa na can gaba, inda hanya ta gangara kwari. Ruwa ya fara tsallaka ta, siriri, yana sheƙi, yana jan ciyayi. Bayansu ma haka. Tsoro ya kama shi sosai. In suka daɗe a nan, ba sunan kaɗai za a rasa ba, sai an kawo kwale-kwale an ɗauki Inna, ko tana so ko ba ta so.

Ya kwance rawanin Kawu ya naɗa a gurbin tiyon, ruwa ya bi ta ciki. Ya yanko gora, ta ƙi lanƙwasa. Ya tsaya hannu duk kuka, ya rasa abin yi.

Inna ta gama dariyarta ta share ido. Ta dubi ruwan da ke kwarin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sauko da salkar, ta shimfiɗa a cinyarta, ta kama ƙafar akuyar ta gaba, doguwa, mai rami kamar tiyo, baƙa wuluk don shan mai.

"Ba ni askarka."

"Inna, a'a. Wallahi a'a."

"Wannan jemammiya ce, ba ta dahuwa. Ruwa ta saba riƙewa." Ta miƙo hannu. "Mai ita ma yana da jika a Haɗeja. Ba ni."

Ita da kanta ta yanke. Shu'ibu ya karɓa. Suka zubar da miyar, suka ɗauraye lagireto da ruwan fadama har sai da ya daina yauƙi, Kawu na jido ruwa da hularsa ba wanda ya sa shi. Shu'ibu ya zura ƙafar salka, ya ɗaure bakin nan biyu da waya, ya tofa bisimilla ya murza. Gwaggo ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama.

A hankali suka tafi, murfin lagireto a buɗe, Kawu zaune a kan hancin mota da ƙwarya yana ƙara mata ruwa kamar mai ba jinjiri kunu. Da suka zo kwarin, ruwa ya kai rabin taya. Inna ta runtse ido, ta damƙi kafaɗar ɗanta har farcenta ya shige. Ya sa babbar giya ya bi a sannu. Sai da ta ji taya ta kama busasshiyar ƙasa ta buɗe ido, ta ce, "Haladu, ka rage mana gandar ko ka cinye?"

Suka shiga gari kafin la'asar, koren miya ya bushe a gaban mota, karnukan unguwa na biye da su. Kulu ta shaƙi iska ta ce lallai ba ita ta sa daddawa ba. Shekara da shekaru bayan nan, in mota ta yi zafi a tashar Haɗeja, sai ka ji wani ya ce a kira Kawu Haladu da gishiri. Ƙafar salkar kuwa ta ƙeƙashe ta zama kamar ƙaho, ta zauna daram. Ko da aka kawo wa Shu'ibu sabon tiyo daga Kano, a aljihun mota ya ajiye shi, bai sa ba har Gwaggo ta kwanta kwanciyar ƙarshe a gindin tsamiyar da aka ɗauko ta.

Amma in shi ne ke ba da labarin, ba a nan yake tsayawa ba. Da safen suna aka raɗa wa yaro Ɗahiru, sunan da Inna ba ta taɓa furtawa da bakinta ba. Rahmatu ta miƙo mata shi a cikin zane. Tsohuwa ta karɓa ta ɗora a cinya, a kan salkar nan mai ƙafa uku, ta leƙa fuskarsa ta daɗe. Mata suka matso suna jiran irin tsiyar da kaka ke yi wa jika.

"Sannu da zuwa, Maigida," in ji ta. "Ka daɗe a ƙetare."