Ardon da na goge daga fayil biyu

Shekarun baya, lokacin da gemuna bai fara furfura ba, na yi aikin akawu a wata ƙungiya mai yi wa shanu allurar rigakafi a ƙasar Gumel. Aikina ɗaya ne, riƙe jerin sunayen makiyaya. Kowace mazaɓa a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar tana da fayil ɗinta na Excel. Kowane layi mutum ɗaya ne: sunansa, sunan mahaifinsa, lambar wayarsa, rugarsa da yawan shanunsa. Da wannan jeri ake ware kwalaben allura, da shi kuma masu allurar suke fita. Allurar sai cikin ƙanƙara take zama, don haka ba a ɗaukar rara. Wanda babu sunansa, babu rabonsa.

Ni mutum ne mai son abu a jere. Ko a ƙofar masallaci na ga takalma a warwatse sai na tsaya na daidaita su, har abokan aiki suka sa mini suna Sarkin Layi. Karatuna bai yi nisa ba, sakandare ce da wata shida na koyon kwamfuta, amma ba a taɓa kama ni da layi a karkace ba. Ina ji da wannan fiye da yadda ya kamata.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne sunan da ya fito sau biyu. Fayil arba'in da ɗoriya ne, ba zan iya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina kwatantawa ba. Sai na je wurin abokina mai shagon buga takardu a bakin tasha, ya rubuta mini makro. Makro ɗan umarni ne da ake rubuta wa Excel, ka danna sau ɗaya ya yi aikin da za ka yini kana yi da hannu. Nasa yakan fara bin fayilolin duka ya tattara sunayen da suka fito fiye da sau ɗaya. Sannan ya koma ya buɗe kowane fayil, ya shafa wa waɗannan layukan launin rawaya, ya adana, ya rufe, ya wuce na gaba.

Na gwada, ya yi daidai. Amma da na ga rawaya ta bazu ko'ina, sai raina ya ƙi. Na kira abokina na ce, "Ni ba fenti na sa ka ba. So nake su fita."

Ya ce, "Sarkin Layi, ka bar su da launinsu ka duba da idonka mana."

"Ba ni da lokaci. Jibi za a kai jerin wurin shugaba."

Ya gaya mini layin da zan canza, daga shafa launi zuwa gogewa, yana magana yana sallamar mai fotokwafi. Kafin ya kashe wayar ya ce, "Ka yi kwafin fayilolin tukuna. Wannan abu ba ya tambaya, kuma in ya goge ba a dawo da shi."

Na ce, "Ni za ka koya wa tsari?"

Ban yi kwafi ba. Na danna, na harɗe hannu, ina kallon fayiloli suna buɗewa suna rufewa. Cikin minti uku aka gama. Babu rawaya, babu maimaici. Shugabanmu ya duba jerin ya ce bai taɓa ganin mai tsafta irinsa ba, ni kuwa na je na sayi tsire.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne wannan. Idan suna ya fito a fayil biyu, makro yana shafa wa duka biyun launi, kuma hakan daidai ne. Da na mayar da launi gogewa, sai ya goge duka biyun. Bai bar ko ɗaya ba.

Su wa ke da suna a fayil biyu? Makiyayan da ke yin damina a wuri ɗaya, su yi rani a wani. Mu da kanmu muka ce musu su yi rajista duk inda suka sauka, don kada a tsallake su. Waɗanda suka ji maganarmu su ne suka ɓace.

Bayan wata huɗu wani ardo ya shigo ofishinmu da hantsi. Dattijo ne dogo, na san shi, don ni na rubuta masa katin rajistarsa na farko da hannuna a wajen Sule Tankarkar, har ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi iyali, sannan ya kwance wata leda ya ajiye kati biyu a kan teburina.

Ya ce, "Malam akawu, na zo a duba mini ne. Masu allura sun zo Sule Tankarkar ƙarshen damina, suka ce babu sunana, wataƙila ina jerin Gagarawa. Na ce to. Da muka gangara Gagarawa cin kara, suka zo can ma, suka ce nawa yana Sule Tankarkar. Na ce to."

Na ce, "Ardo, ya shanun?"

Ya ce tari ya shiga garken. Ciwon huhu ne. Saniya ta tsaya ta miƙe wuya ta buɗe ƙafafun gaba, numfashi ya gagare ta, kwana kaɗan ta faɗi. Wasu an yanka kafin su mutu, wasu ba a samu yankawa ba. A katinsa an rubuta sittin da biyu. Ya ce saura goma sha tara.

Na nemi sunansa a fayil ɗin Gagarawa, babu. Na nema a na Sule Tankarkar, babu. Tun kafin in rufe na biyun na gane abin da na yi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Za a bincika." Ya yi godiya, ya naɗe katunansa, ya fita.

Ranar ban ci abincin rana ba. Na sauko da kwalayen rajistar takarda daga kan kabad, na bi su layi layi. Kwana uku na yi. Mutum talatin da ɗaya na samu, kowanne da kati biyu, kowanne babu shi a ko'ina. Na mayar da su da hannu. Na rubuta wa shugabanmu abin da ya faru daki daki, na sa hannu. Aka ba ni takardar gargaɗi. Wani abokin aiki ya ce kada in kashe kaina, ai allura ba ta hana ciwo ɗari bisa ɗari. Gaskiya ya faɗa, amma maƙwabtan ardon da aka yi wa allura garkensu yana tsaye.

Ranar Asabar na hau babur zuwa rugarsa, can bayan Gagarawa Tasha. Turaku sun fi shanu yawa, igiyoyin maruƙa suna kwance a ƙasa. Aka shimfiɗa mini tabarma, na gaya masa komai, iyakar yadda zan iya bayyana makro ga wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba.

Da na gama ya ce, "Wannan injin, ya san ni?"

Na ce, "A'a, Ardo."

"To, ba ni da magana da shi. Kai ka san ni."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara a kan haka ba. Ya ce abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru. Ya sa aka kawo mini nono, rabin ƙwarya, ya ba ni haƙuri cewa yanzu ba shi da yawa. Na sha, don ƙin sha ya fi muni.

Har yanzu ina aiki da makro, ban ce kowa ya daina ba. Amma nakan yi kwafi, in gwada a fayil ɗaya, in karanta abin da zai fita da idona kafin ya fita. Launin rawaya kuwa na daina jin haushinsa. Masu koyon aiki a hannuna suna cewa na cika tsanani, ban taɓa musa musu ba.

Da zan tashi daga rugar ardon a wannan ranar, na fito da sabon fom na ce zan sake yi masa rajista a wuraren biyu da yawan shanunsa na yanzu, kuma wannan karon ni zan tsaya a kai. Ya duba garken, ya dube ni.

Ya ce, "Rubuta ni sau ɗaya, malam akawu. Abin da ya rage bai kai a kai shi gari biyu ba."