Kawu Salifu da Ƙafar Sifili

Kun dai san Kawu Salifu mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Djougou: komai da asuwaki yake ƙirga shi. Ya zare shi daga baki, ya nuna abu, "Bismillahi, ɗaya." Har mu yara haka yake ƙirga mu in za a ci abinci, da jiƙaƙƙen asuwakin nan a goshi.

Batir kuwa da harshe yake gwada shi. Ran da wani batir ya ja shi har hularsa ta faɗi, cewa ya yi, "Madalla, wannan da ransa!"

Abin da ya shiga tsakaninmu shi ne ɗan allon nan. A lekwal ɗinmu na Parakou, wato makarantarmu, malaminmu da muke kira Mushe ya ba ni aron allon lantarki mai ƙananan ƙafafu a jere, in haɗa famfon da zai shayar da tumatir da kansa, don gasar makarantu. Shi kaɗai ke gare mu. Na zo hutu Djougou da shi, Kawu ya gani, ya karɓe, wai shi zai haɗa.

A ordinater, wato kwamfuta, na rubuta cewa a ƙafa ta uku za a jona famfon. Ya ƙirga da asuwaki, ya soka waya. Shiru.

Na ce a hankali, "Kawu, lambobin daga sifili suka fara. Ta ukunka biyu ce, ga shi a rubuce."

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kakanninmu sun ƙirga goro daga nan har Gwanja. Wa kika ji ya fara da babu?"

"Matsa gaba ɗaya kawai, Kawu."

"Ba matsi yake so ba, yunwa yake ji!"

Sai ya jona wa allon batir ɗin moto, babur ke nan. Wayyo! Wani siririn hayaƙi ya tashi, mai warin ƙonannen gashi. Kawu ya leƙa, ya gyaɗa kai. "Kin gani? Daga ta ukun ya fito."

Duk shagon aka kwashe da dariya. Har yau in an ba da labarin dariya ake yi. Ni ce na mayar wa Mushe ƙonannen allo cikin leda. Bai yi faɗa ba, ya dai cire ni daga gasar, kuma bai sake ba ni aron ko waya ba.

Kawu bai taɓa ba ni haƙuri ba. Da ciwo ya kwantar da shi aka kawo shi gidanmu a unguwar Titirou ta Parakou, ya riƙe hannuna, na ce yau kam zai faɗa. Sai ya ce, "Uwata, sifilin nan naku yana nan?"

"Yana nan, Kawu."

"Tir."

Ban gama hucewa ba, amma na yafe. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya sa ka a sahun farko. Na ɗaya, yadda kake so.